A Bakin Ƙofar Dodon Ƙarshe

…kuma wai shi ne ya kawo wa mutane sauƙi. Sauƙi! Kamar wani ya kai masa kuka cewa wahala muke sha. To, Auta, ka kawo sauƙi, Allah ya ba ka lada. Ni dai bari in buɗe wannan kaset ɗin kafin ka iso, tun da ni ne mai gyara, kai ne mai kamfanin wasanni, ƙanina da duniya ta sani.

Sukurun nan ya yi tsatsa. A hankali… yauwa. Ga shi nan. Batirin, ɗan mitsitsi kamar maɓallin riga, shi ne ya riƙe mana ajiyar wasanmu tun muna yara. Na ɗora mita, ta ce saura ƙiris. In ya mutu, ko in na cire shi haka kawai, shi ke nan — jarumin, takobinsa, garuruwan da muka ratsa, komai ya goge kamar ba a taɓa yi ba. Dole in jona wani batir na wucin gadi da siraran wayoyi biyu, sannan in cire tsohon, in lika sabo, kada wuta ta yanke ko na ƙiftawar ido. Aikin da na yi wa mutane ya fi a ƙirga. To me ya sa yau nake ta jinkiri?

Saƙonsa yana nan a salula, ban ba da amsa ba. "Yaya, don Allah ka farfaɗo mana da kaset ɗin nan. Zan zo yau mu ƙarasa shi." Mu ƙarasa. Ji fa! Sai ka ce jiya muka tashi daga gaban talabijin. Furfura ta fara fito mini, shi kuma ya ajiye tumbi, wai mu ƙarasa.

Tela na maƙwabta ya tayar da kekensa, tebur yana rawa. Yau ma sai ya yi mini wannan? Bari ƙarfen dalma ya yi zafi tukuna.

Wasan zamanin da, wasa ne mai mutunta mutum. Na faɗa, zan kuma faɗa, ko a gaban wa. A jefa ka cikin gari ba wanda ya san ka, ba kibiya, ba alama, sai ka bi gida-gida kana tambaya. Tsohuwa a bakin rijiya ta ce maka ɗanta ya tafi arewa bai dawo ba — shi ke nan, abin da za ka samu ke nan, kai ka san yadda za ka yi. Ka ɓata. Ka dawo. Ka sake ɓata. Ranar da ka gane hanya kuwa, wallahi ji kake da ƙafarka ka taka ta. Faɗa kuma bi da bi: ka sara, ka tsaya, dodo ya sara. Akwai ladabi a ciki. Kana da lokacin yin tunani, kana da lokacin jin tsoro. Ba ka ajiye wasa sai ka kai masauki, saboda haka duk takun da ka yi a jeji da ranka a hannu kake yi…

Nasa fa? Kibiya rawaya a saman allo tana cewa bi nan. Ka faɗi, ka tashi a inda ka faɗi. Wasan yana ajiye kansa da kansa, kamar uwa tana bin yaro da tawul. Wannan wasa ne ko reno?

Amma mutane sun saya. Sun saya, sun saya, har yanzu saye suke.

'Yata ma. 'Yar da na haifa, da na zaunar a kan cinyata na nuna mata yadda ake karanta taswira. Kwance a kan kujera, salula a saman fuska, ko kallona ba ta yi ba: "Baba, wasan Baffa ba ya ɓata wa mutum lokaci." Ba ya ɓata lokaci. Ni ne mai ɓata lokaci ke nan. Na ce mata tashi ki wanke kwanuka, ta tashi tana dariya, ta san ta taɓa ni. Kishi nake, eh, kishi nake, wa zan ɓoye wa a shagon nan? Ni da fanka?

Waya ta farko… dalma ta kama. Kyau. Ja kaɗan — ta zauna.

Hannun wasa ɗaya ne a gidanmu. Ɗaya tak, igiyarsa an naɗe da salatif. Baba ya kawo na'urar a kwali, tsohuwa ce ma, ya ce ku yi ta tare kada in ji faɗa. Tare. Ni ne babba, ni ne na iya karanta abin da mutanen gari suke faɗa, to wa zai riƙe? Auta yana gefe a durƙushe, haɓa a kan gwiwa, baki buɗe, numfashinsa a kafaɗata. Matsa can mana, kana hura mini zafi. Ya matsa kamar taki ɗaya, ya dawo.

Ai ina ba shi. Kada wani ya ce ba na ba shi. Duk lokacin da Inna ta aike ni, ko zan tafi ƙwallo, sai in kai jarumin bakin gari inda ciyawa take, in miƙa masa: zagaya nan, kashe ƙananan nan, kada ka shiga kogo, kada ka yi magana da kowa, kada ka sayi komai. Ya yi ta zagaye. Hagu, dama, hagu, dama, jemage, kunama, jemage. In dawo in tarar jarumin ya hau mataki, ya yi ƙarfi, in karɓa in shiga kogon. Tsari ne. Kowane wasa na zamanin da haka yake, sai an yi noman ƙarfi kafin a ci gaba, wani ne zai yi. Ni na tsara wasan? Ni na ce a sa dodanni su fi ƙarfin mutum?

Kuma bai taɓa yin ƙorafi ba. Abin da ke ba ni haushi ke nan. Da ya yi kuka, da ya kai ƙara wurin Baba, da yanzu ina da abin riƙewa.

Hirar nan da aka yi da shi. Na ce ba zan kalla ba, na kalla, na sake kalla, a nan, a kan wannan kujerar, abokin ciniki yana tsaye yana jiran salularsa. Ga shi cikin riga mai tsada, yana murmushin nan nasa na Inna. Aka tambaye shi wane wasa ya fi so a duniya. Ya ce wani tsohon wasa ne, amma bai taɓa ganin ƙarshensa ba. Suka yi dariya. Ya ce shi ya sa a wasanninsa ba a barin kowa yana zagaye a ciyawa. Suka tafa. Bai ambace ni ba. Ko "yayana" bai ce ba. Na rasa wanne ya fi ciwo — da ya faɗa, da duniya ta san ni ne na bar shi a ciyawar. Da bai faɗa ba, kamar ba ni a ɗakin ma. Ni da na koya masa komai! Wa ya nuna masa cewa bangon da launinsa ya bambanta akwai hanya a bayansa? Wa ya gaya masa mai warkarwa ake fara karewa a faɗa? Daga bakin wa ya fara jin cewa kiɗan gari daban, kiɗan jeji daban, don zuciyar mai wasa ta san inda za ta huta? Ya kwashe, ya kai kasuwa, ya zuba musu sukari.

Waya ta biyu ta ƙi. Wurin ya ci tsatsa, dalma tana zamewa kamar ruwa a kan leda. Kankare kaɗan… a'a, in na matsa zan yanke layin. To. Danna ta da babban yatsa, haka nan. Mita? Wuta tana shiga. Riƙe. Da hannun dama in narka ƙafar tsohon batirin — ɗaya… ɗayar… ya fita. Ya fita! Ga shi a kan tebur, mushe. Yanzu duk abin da muka tara yana rataye a ƙarƙashin yatsana na hagu.

Kwalbar nan tana ciki. Kwalbar zinariya, guda ɗaya a duk wasan, mai mayar wa mutum da rai da ƙarfi gaba ɗaya. A hasumiyar ruwa muka same ta. Sau nawa Auta ya ce Yaya sha, za mu mutu, Yaya sha mana! Na ce a'a, ba yanzu ba, akwai faɗan da ya fi wannan. Muka mutu, muka koma masauki, muka sake tahowa, kwalba tana nan. Mai hankali ba ya taɓa irin wannan sai ranar. Kowa ya san haka. Duk wanda ya yi wasan zamanin da ya san haka…

Har muka kai ƙofar. Baƙa, doguwa, kiɗa ya ɗauke, sai ƙarar iska. Dodon ƙarshe yana bayanta. Auta ya kama hannun rigata. Yaya mu shiga. Na ce ba mu shirya ba. Je ka ƙara mana ƙarfi. Ya koma ciyawa. Na dawo, na tsaya a ƙofar, na duba lambobin — ba mu shirya ba, ƙara. Ya ƙara. Har ƙananan dodannin suka koma mutuwa da sara ɗaya, har lambobin suka daina hawa, babu sauran inda za su je. Yaya yanzu fa? Gobe. Sai jarrabawa ta zo, sai talabijin ta lalace, sai aka kai ni koyon gyara, sai… sai me? Ba wanda ya hana ni. Talabijin ma ni na gyara ta da hannuna daga baya.

Ni ma ina da wasa ai. A kaina yake, cikakke. Gari bakwai, kogi mai canja hanya, jarumin da ke tsufa yayin da kake wasa. Ya fi nasa, na rantse ya fi nasa nesa ba kusa ba. Lokacin da yake haɗa nasa na farko a ɗakin haya, da kwamfutar da ni na haɗa masa daga tarkace, ya ce Yaya zo mu yi tare. Na leƙa, na ga 'yan zanensa kamar na ɗan firamare, na ce wannan bai nuna ba, ka bari ka shirya. Ya sake shi haka nan, da kurakuransa, da komai. Mutane suka zage shi, ya gyara, ya sake wani. Shi ba ya jin kunya ne? Ta ina ya samo wannan rashin tsoron, alhali ciki ɗaya muka fito?

Yatsana ya fara sanyi. Sabon batir… ina na — ga shi can, bayan kwalbar man dalma. Miƙa hannu. Na samu. To yanzu a ɗora shi, a danne shi, a riƙe ƙarfe, a kawo dalma. Da hannu ɗaya? Kai. Kai, kai, kai. Ni da nake yi wa yara masu koyon gyara faɗa kullum a kan su shirya komai kafin su cire. Ɗora shi… ya zame. Sake. Ya zame. Tela, don girman Allah, ka tsayar da keken nan!

In na ɗaga yatsan fa?

Wa zai sani? Batir ya mutu tun tuni, Auta, ka yi haƙuri, shekaru ne. Zai ce ayya, ya dafa kafaɗata, ya saya wa 'yata wani abu a hanya. Shi ke nan. Ba ƙofa, ba dodo, ba ranar da zan zauna a gabansa da furfurata in shiga in sha kashi da ƙarfin da shi ya tara mini. Don ƙarfinsa ne. Takobin ni na zaɓa, hanyar ni na gano, amma kowane lamba a jikin jarumin nan, yaron ne ya zauna ya haƙa ta, jemage bayan jemage, ni ina can ina buga ƙwallo. In na ci, shi ya ci. In na faɗi, ni na faɗi. Wane irin wasa ne wannan?

Ga ƙarshen saƙon ma, wanda nake ta tsallakewa. "Kai za ka riƙe hannun, Yaya. Ni kallo zan yi, kamar da." Ko a nan sai da ya fi ni. Ya bar mini. Mutum ya yi kuɗi, ya yi suna, sannan ya zo ya fi ka kirki — haba, Auta, ka bar mini ko abu ɗaya mana.

Mota ta tsaya a waje. Ba tasa ba ce… tasa ce. Wannan rufe ƙofar a hankali, kamar kada ya tashi wani daga barci. Yana gaisawa da tela. Tela ya tsayar da keke — shi ya tsayar wa, ni tun ɗazu nake roƙo.

Ba zan iya musanya yatsa ba. Ko ya zo ya ce Yaya kawo in riƙe maka, tsakanin ɗagawata da dannawarsa wuta ta yanke. Wayar nan ni zan ci gaba da dannewa, ba motsi, ba magana, in zauna kawai. Ƙarfen kuma… ƙarfen sai dai shi. Ya iya, ni na koya masa a wannan teburin wani hutu, hannunsa ma ya fi nawa tsayawa, ban taɓa gaya masa ba. Shi zai ɗora, shi zai lika, ni ina gefe ina kallo, numfashina a kafaɗarsa.

Inuwarsa ta rufe ƙofar shago. "Yaya? Jarumin namu yana nan da rai?"

Yana nan. Ƙarfen yana hannuna na dama, yana hayaƙi, igiyarsa za ta kai har inda yake tsaye. Miƙawa ce kawai. In ce karɓi, Auta, zo ka yi. Kalma nawa ce? Yatsana ya mutu, ban ma san ko ina dannawa ba… mita ta ce ina dannawa. Yana jira. Ya iya jira, ni na koya masa wannan ma. Ƙarfen kuwa yana hannuna, sai ƙara nauyi yake…