Sunan 'Yar Fari

Ummulkhairi ba ta ga abin yabo ba a wajen 'yan ƙungiyar nan ta Tudun Wada, masu zagaya rugagen Falgore suna kwasar marasa lafiya zuwa asibiti. A ganinta mutane ne da kunya ta yi musu ƙaura. Ita dai shugabarsu, Shamsiyya, ko zama ba ta gama yi ba ta zaro waya tana nuna hoto, wai "ɗana na fari, Musaddiq." Da bakinta, a gaban tsofaffi! Ummulkhairi ta taɓe baki. Ko saniya ta fi wannan kamun kai.

Ita kuwa tata 'yar farin tana kwance a tabarma, zazzaɓi ya cinye ta, wuya ya sanƙare. Tun ranar suna Ummulkhairi ba ta taɓa kiran sunanta ba. "Ke" ce, ko "waccan". Haka aka tarbiyyantar da ita, kuma tana alfahari da hakan.

Shamsiyya ta taɓa goshin yarinyar, fuskarta ta canza.

"Wannan yau za ta asibiti. Amma likita ba ya karɓar yaro sai da uwa ko uba. Baiwar Allah, ke ce uwarta?"

Surukar Ummulkhairi na zaune a gefe, ga matan ruga sun yi da'ira. Tambayar marasa tarbiyya ke nan. Ummulkhairi ta kau da kai.

"Ta tsohuwa ce," ta ce.

Ita kuma sokuwar ta ɗauka da gaske. Ta dubi tsohuwar da ƙafa ta daɗe da kwantar da ita, ta tambayi uban, aka ce ya yi kudu da shanu. Ran Shamsiyya ya ɓaci.

"To, bari mu kai waɗanda ke mota, in roƙi likita ko zai yarda. In ya yarda mu dawo gobe."

Gobe! Karatun banza, a ce mace ta girma ba ta san amsar kunya ba. Ummulkhairi ta tsaya tana jira wata ta yi magana a madadinta. Matan duk suka sunkuyar da kai, don su ma masu kunyar ne. Direba ya tayar da mota. Tsoro ya kama Ummulkhairi, irin wanda ba ta taɓa ji ba.

Ba ta san lokacin da ta suri yarinyar ta bi motar a guje ba, kallabi ya faɗi, tana ihu kamar mai tallar nono a kasuwa.

"Ku tsaya! Tawa ce, ni na haife ta! Sumayya! Sunanta Sumayya!"

Motar ta tsaya. Yarinyar ta buɗe ido da ƙyar, ta kai dubanta wajen kakarta, tana neman wanda ya kira ta.