Tekun da Ya Taɓa Kwana a Adar

Sauda Abdulrahim ta daɗe tana wanke ƙasa. Aikinta ke nan a labon binciken ƙasa da ruwa na jami'ar Tawa, kuma haka take faɗa wa duk wanda ya tambaye ta, tana dariya, ko da yake dariyar ba ta kai ciki ba. Masu bincike su fita daji da motar kat-kat, su dawo da ledoji cike da ƙasa da tsakuwa, kowace da lambarta. Ita kuwa ta jiƙa, ta tace a rariyar ƙarfe, ta busar, ta auna, ta miƙa musu sakamako. Ba ta san inda aka ɗebo ƙasar ba, ba ta san abin da ake nema a ciki ba, babu kuma wanda ya taɓa tunanin ya gaya mata. Ƴar Bambeye ce, ta yi digirinta na lisans da kyakkyawan sakamako, amma tun da ta shiga labon nan kanta ya yi shiru. Har ta fara tambayar ƙawayenta ko akwai gurbi a ƙungiyoyin agaji da ke cikin gari.

A shekarar ne jami'a ta buɗe wani shiri na tallafa wa ma'aikatan bincike. Madam Balkisa, wadda aka ɗora wa shirin, ta tara su a babban zaure, masu aikin labo da masu tattara bayanai da ƙananan malamai, ta ce daga yanzu kowa za a haɗa shi da wani babba da zai riƙa yi masa rakiya, kuma za a riƙa ba su horo. Sauda ta sa rai a tura ta Yamai koyon kwamfuta. Da aka zo kanta, sai ta ji an ce Dokta Rissa.

Dokta Rissa dattijo ne daga arewa, wajen Abalak, masanin duwatsu, dogo siriri, kullum da rawaninsa baƙi. Ba ya yawan magana, Hausarsa a hankali take fita kamar yana auna kowace kalma. Ta same shi a birwo, wato ofishinsa, yana dafa shayi a ƙasa, ta durƙusa ta gaishe shi. Ya miƙa mata ɗan kofi.

"Sauda, mi kike son ki sani?"

"Duk abin da kunka koya mini, Dokta."

"A'a. Ba shi na tambaya ba. Cikin ƙasar da kike wankewa, akwai abin da ya taɓa tsaya miki a rai? Abin da kinka so ki san dalilinsa?"

Ta yi tunani, ta yi tunani, ta ce babu. Kunya ta kama ta. Shi kuwa bai nuna komai ba, ya ce to, ta nemi takalmi mai ƙwari da hula mai faɗi, za su fita.

Lokacin kaka ne, an gama yankan hatsi, dammuna jingine a bakin rumbuna. Suka fita da sassafe su uku, da Manzo abokin aikinta a labo, shi ke tuƙi. Suka wuce Barmu, suka gaisa da maigarin wani ƙauye, ya ba su izini, sannan suka bar hanya suka bi wani kori da ya ƙafe har gindin wani tudu. Irin tudun nan ne da ya cika ƙasar Adar, mai shimfiɗaɗɗen kai da baƙaƙen duwatsu a sama, ruwan damina ya yanke gefensa ya bar shi tsirara. Sauda ta girma tana ganin irinsu. A wurinta tudu wuri ne da awaki ke hawa, shi ke nan.

Dokta Rissa ya hau ɗan sama zuwa inda dutsen ya yi fari, ya ce ta zo ta durƙusa. Ya ɗiga wani ruwa daga ƴar kwalba a kan dutsen. Nan take wurin ya yi kumfa yana cuuu, kamar an zuba kanwa a tsamiya. Sauda ta janye hannunta.

"Kada ki ji tsoro, asid ne mai rauni. Dutsin da ya yi hakanga, da jikin halittu anka gina shi. Yanzu ki duba ƙasa. Kada ki yi sauri."

Ta duba. Tsakuwa, ƙaya, kashin awaki. Rana ta fara zafi a bayanta. Tana shirin ɗagowa sai idonta ya faɗa kan wani ɗan dutse mulmulalle, girman goriba, wanda bai yi kama da sauran ba. Ta ɗauka ta goge shi da gefen mayafi. A samansa akwai zanen fure mai kunne biyar, kowane kunne da ƴan ramuka jere biyu-biyu, ƙanana ƙwarai, daidai wa daida, kamar aikin maƙerin azurfa.

"Dokta, wa ya yi zanenga?"

"Ba kowa. Bushiyar teku ce. Dabba ce mai ƙaya da ke zama cikin yashi a ƙarƙashin ruwan gishiri. Ta mutu, ƙayar ta zube, jikin ya zama dutsi."

"Wa ya kawo ta nan?"

"Ba wanda ya kawo ta. Nan anka haihe ta, nan ta ci abincinta, nan ta mutu. Inda kike durƙushe, gindin teku ne."

Sauda ta ɗaga kai ta dube shi ko wasa yake yi. Ba wasa a fuskarsa. Ya nuna arewa da hannu, ya ja hannun a hankali ya kai kudu, ya ce fiye da shekara miliyan hamsin da suka wuce, wani reshen teku ya ratso ta nan, ruwa mai ɗumi, mara zurfi sosai, ya rufe Barmu da Tawa da Bambeye har ya zarce wajen Sakkwato. Ya ce akwai kifaye masu haƙora, da kunkuru, da kadoji, suna iyo sama da inda kawunansu suke yanzu.

Ta miƙe tsaye da dutsen a hannu. Daga nan ana hango kwarin gaba ɗaya: karan hatsi a gonaki, gawo nan da can, wasu mata can nesa a bakin rijiya suna ja da jaki, igiya doguwa saboda zurfin ruwan. Ta yi ƙoƙarin cika kwarin da ruwa a zuciyarta. Ruwa a kan gonakin, ruwa a kan rijiyar, ruwa a kan hasumiyar masallacin ƙauyen, har sama inda shirwa ke shawagi, wurin da kifi ya taɓa bi. Ta zauna a kan dutse.

"Subhanallah," in ji ta. Ta sake faɗa, a hankali.

Da idonta ya buɗe, sai ta ga abin ya cika wurin. Ga katantanwa da ta zama dutse, babba kamar tafin hannu, murɗinta na nan. Ga ƙwanson makankari biyu manne da juna, ba a buɗe su ba tun ranar da suka rufe. Manzo ya tsinto wani ɗan haƙori baƙi mai sheƙi, ya taɓa bakinsa da yatsa ya ce wallahi har yanzu da kaifinsa. Suka yi ta kiran juna kamar masu tsintar magarya, Dokta Rissa na zaune yana kallonsu, idanunsa na dariya ta saman rawani.

Sai ya ce tsintuwa ta isa, yanzu aiki. Ya mayar da Sauda gindin tudu, ya ba ta guduma da tsinken awo da ɗan gilashin ƙara girma, ya ce ta hau a hankali, ta auna kowace shimfiɗa, ta zana ta, ta faɗi launinta da laushinta da abin da ke ciki. Ta yi sauri ta gama ta kawo masa. Ya duba, ya ce ta zana abin da ta zata, ba abin da ta gani ba, ta koma ƙasa ta sake. Ranta ya ɓaci, ga zafi, ga ƙaya ta shiga safarta. Ta koma tana ƙunƙuni. Amma a hawa na biyu ta ga inda ta tsallake. A ƙasa yumɓu ne mai fala-fala kamar ganyen takarda, alamar ruwa kwantacce. A kansa farin dutse cike da halittu. Sannan wani yumɓun kuma. Can sama jar ƙasa mai ƙarfe, babu ko ƙwanso ɗaya, ruwa ya tafi. Da ƙafarta ta bi shigowar tekun da zamansa da janyewarsa, tana haki, tsakanin hantsi da azahar.

Kusa da ƙarshen farin dutsen ta tsaya. Akwai wata siririyar shimfiɗa, kaurinta bai wuce taki ɗaya ba, inda ƙwansunan duk suka ƙanƙance, suka zama kamar ƙwayar wake, alhali ƙasa da ita manya ne. Ta bi shimfiɗar gefe-gefe, ko'ina haka.

"Dokta! Mi ya sa a nan sunka yi ƙanana?"

Ya hau ya durƙusa kusa da ita, ya sa gilashi, ya daɗe yana dubawa.

"Ban sani ba."

"Ku?"

"Ni. Na sha hawa tudunga, ban kula da ita ba. Wataƙila gishirin ruwan ya canza. Wataƙila iskar da ke cikin ruwan ta ragu. Wataƙila wani abu ne da ba mu zata ba. Ban taɓa karanta wanda ya bayyana ta ba." Ya juyo ya dube ta. "Ki ɗebi ƙasar. Taki ce."

Wannan ya girgiza ta kusan kamar tekun. Ta ɗauka komai an riga an sani, an rubuta a wata ƙasa mai nisa, aikin irinsu kawai su wanke su auna. Ga shi a bayan Barmu, wurin da awaki ke kiwo, akwai abin da babu ɗan Adam ɗin da ya san amsarsa, kuma ita ce ta tambaya.

Bayan sun dawo Tawa abin bai zo da sauƙi ba. Aikin labo bai ragu ba, ledojin mutane na jiranta. Madam Balkisa ta shiga tsakani aka ware mata yini guda a mako na bincikenta, Manzo ya ɗauki awonta na ranar, ita kuma ta riƙa riƙe masa nasa idan ya tafi horonsa. Dokta Rissa ya koya mata yadda ake jiƙa dutse har ya saki abin da ke cikinsa ba tare da ya farfashe ba. Na farko ya lalace mata, na biyu ma. Ta zauna a atilye, wato taron koyon rubutun bincike, malamar ta mayar mata da shafinta ja wur da gyara, ta koma gida a kan kabu-kabu tana share hawaye da mayafi. Washegari ta dawo.

Ranar da wankin ya yi kyau, ta zuba ɗan garin da ya rage a kan baƙin faranti, ta sa ƙarƙashin mikroskop, madubin ƙara girma. A ido ƙura ce kawai. A cikin madubin kuwa, ɗakuna ne. Ƴan ƙwansuna farare, wasu a murɗe, wasu jere kamar kitso, wasu kamar tulu, kowane da ƙofarsa da ɓangarorinsa, ɗaruruwa a abin da bai cika bakin cokali ba. Ta kira Manzo ya leƙa, ya ɗago ya ce, "Ikon Allah!" ya sake leƙawa. Dokta Rissa ya ce waɗannan ƙananan su ne za su gaya mata yadda ruwan yake, domin kowane iri da ruwan da yake so.

Ta yi watanni tana ware su da bakin buroshi mai gashi ɗaya-ɗaya. A hankali ta ga cewa a siririyar shimfiɗar irin da ke jure ruwa mara gishiri sosai sun fi yawa, kamar dai wani kogi ya taɓa kwararowa cikin tekun a lokacin. Dokta Rissa ya ce hujjar tudu ɗaya ba ta isa ba, amma ta isa a faɗa a gaban mutane.

A taron kimiyya na jami'a ta tsaya a gaban zaure cike, ta gabatar da bincikenta. Aka haska hotunan ƙwansunanta a bango, kowane ya kai girman ƙwarya. Wani malami daga Yamai ya yi mata tambayoyi masu tsauri, ta amsa waɗanda za ta iya, ya ce ta aiko masa da rubutun in ta kammala. A ƙarshen shekara aka karɓe ta karatun mastar, digiri na biyu, tana ci gaba da aikinta.

Da damina ta ɗauke, suka sake fita, wannan karon arewa sosai, wajen Kawo, don su ga ko shimfiɗar ta kai can. Wani makiyayi mai suna Ahmed ya ba su madarar raƙuma, suka yi hira da Dokta Rissa cikin harshensu na Tamashek. Da ya ji abin da suke nema, ya ce akwai wani abu a bayan tudu da raƙumansa ke kewayewa. Ya kai su. A cikin yashi, rabi a binne, ƙasusuwan baya ne na wata dabba jere a layi, sun zama dutse, kowane ya kusa girman ƙaramin turmi. Layin ya miƙe ya shige ƙarƙashin tudu, ba a ganin ƙarshensa.

Dokta Rissa ya tsaya, hannunsa a kan baki ta cikin rawani. Manzo ya zauna a ƙasa. Sauda ta durƙusa a gefen ƙashin farko, ta ce kada kowa ya taɓa komai tukuna, ta ciro tsinken awo ta fara daga nan.