Hannun Mai Gyaran Agogo

Shekara talatin Baba ya yi yana gyaran agogo, yau kuma, saboda rawar hannu, babban yatsansa ya ƙi zama wuri ɗaya a fuskar waya. Manhajar da muke hira da ita sai ka danne maɓalli take ɗaukar murya, da ka saki ta aika. Haka Yaya, da ke aiki can nesa, ya yi ta samun guntayen saƙonni: "To, dama…" shi ke nan. Rubutu kuwa ba a magana. Daga baya Baba ya daina gwadawa, abin ya tsaya mini a rai.

Abokiyar aikina a kantin magani ce ta ce manhajar ta kowa ce, 'yan sa-kai ke gina ta. Ni da sanina na kwamfuta bai wuce cikin cokali ba, na faɗa zaurensu na hira na jera tambayoyi kamar mai neman aiki. Wa ake fara gaisarwa? Sai da takardar shaida? In na taɓa abu ya lalace fa?

Wata da suke kira Tsintsiya, don ita ke share tsofaffin ƙorafe-ƙorafe, ta amsa: "Ba mu da mai gadi. Me ke tafe da ke?"

Na zayyana mata. Ta turo mini wani ƙorafi irin nawa sak, an rufe shi tun bara waccan. Ƙa'idarsu ce: matsalar da ta ƙi fitowa a wayoyinsu, rufe ta suke yi. Mutum shida sun gwada, kowa ya rubuta "a wajena lafiya lau". Ba dole ba, hannuwansu garau suke.

Ta ce, "Ba sai kin iya rubuta manhaja ba. Ɗauko mana bidiyo mu ga yadda abin ke faruwa. Hannun kawai."

Nan gizo ke saƙar. Baba ko shayi ba ya sha a gaban baƙi, hannun nan cikin aljihu yake wuni. Kwana biyu ina kewaye-kewaye kafin na faɗa masa.

"Mutum nawa za su gani?"

"Duk wanda ya shiga, Baba."

Sai ya ce, "Sun ce a wajensu tana aiki? Ni ma akan kawo mini agogo ya yi ta tafiya daidai a teburina. Ban taɓa ƙaryata mai shi ba. Cewa nake ya ɗaura in gani." Ya zaro hannun ya ɗora a tebur. Ina ɗauka ina jin tausayinsa da alfahari da shi lokaci guda.

Na tura bidiyon, ran nan aka sake buɗe ƙorafin. Bayan mako uku Tsintsiya ta turo gyararriyar manhajar ta gwaji: taɓawa ɗaya ta fara ɗauka, wata taɓawar ta aika. Ni aka ɗora wa gwadawa da rubuta sakamako.

Baba ya taɓa. Minti bakwai ya yi yana magana, rabi duk faɗa ne a kan Yaya ya rame a hoto.

Amsar Yaya ta zo guntuwa. "Baba…" sai muryar ta karye, saƙon ya yanke. Baba ya saurara har sau uku, ya goge ido da bayan hannu.

"Gaya wa Tsintsiya akwai saura," ya ce. "Wannan ma hannunsa rawa yake."