Sakan Arba'in da Ɗaya na Adawiyya

Ranar Talata, uku ga Maris, matata Adawiyya ta aiko mini saƙon murya daga Abalessa, inda ta je sarin dabino. Bayan awa biyu motarsu ta kife. Saƙon sakan arba'in da ɗaya ne. Har yau ban ji abin da ke cikinsa ba.

Manhajar da ta aiko shi ta ciki, Ɗayyabu ne ya ƙirƙire ta, ɗan shugaban ƙungiyarmu ta 'yan kasuwar Nijar a Tamanrasset. Ya yi shekara uku a Alje, babban birnin ƙasar, ya dawo da tabarau da manyan kalmomi. Ya ce tasa tana kai murya ko inda rezo, wato sabis ɗin waya, ba shi da ƙarfi. Ni da na koyar shekara ashirin a lekkol a Damagaram, na yarda, don Adawiyya ba ta iya rubutu ba, murya ce wasiƙarta.

Bayan sadakar bakwai ɗinta na sami Ɗayyabu a buro, ofishinsa ke nan.

"Baba Tijani, wayarta tsohuwa ce, taka sabuwa. Sigar da na fitar watan jiya ba ta gane naɗin muryar tsofaffin wayoyi."

"A kan waya nawa ka gwada kafin ka fitar?"

"Uku."

"Na su wa?"

"Tawa, da ta babana, da..."

"Da ta mai goge maka takalmi, ko shi ma ba ka duba shi ba?"

Ya gyara tabarau. Garin da kowace waya ta ratso hannu biyar kafin ta iso, wata daga Kano, wata daga Wahran, kowace da nata hali, shi ya auna mu da wayoyin falon ubansa.

Ya ce in samo irin wayarta, ya sa tsohuwar siga. Tata ta niƙe ƙarƙashin buhuna. A rumfar Muntari mai gyara muka gwada goma sha ɗaya. Marfi ɗaya, suna ɗaya, ciki daban-daban. Tara suka ƙi. Ɗaya ta mutu. Ta ƙarshe ta buɗe shi, layin saƙon ya yi ta tafiya har ƙarshe, ba sauti. Ban cire ta daga kunnena ba sai da ya ƙare.

Ɗayyabu ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Kashi biyu cikin ɗari kawai abin ya shafa."

"Madalla. Ashe kashi biyu na aura."

Ba na zaton akwai wasiyya a ciki. Tsadar dabino ce, da in sha maganina, da in rufe gas. Kuma na san ƙarshensa, don kowace maganarta da shi take rufewa: "Malam, ka ji ko?" Shekara talatin ina bayan littafi, sai dai in ɗaga mata hannu ban ɗago kai ba.

Na ji, Adawiyya.