Taɓon Aro

Ranar Lahadi na dawo daga coci, tun daga ƙofar shingen waya hancina ya gaya mini an yi ɓarna. Tankina in yana lafiya ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yake yi. Ranar nan warin asibiti ne ya tarye ni.

Ni ne mai kula da wurin tace ruwan kwata na gidajen ma'aikatan gonar shayi. Duk abin da ya fito daga bayan gida da wurin wanka, wurina yake zuwa. Aikin ba wani boko ba ne. Akwai babban tanki, cikinsa taɓo ne mai kalar koko, kuma taɓon nan rai gare shi. Ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, su ke cinye ƙazantar. Ni nawa in ba su iska da injin hurawa ba tsayawa, in kuma lura kada a cika musu ciki. In sun ci sun ƙoshi sai su kwanta ƙasa, ruwa mai haske ya bi ta sama ya gangara rafi. Saizi, direban tankarmu, makiyayin kashi yake ce mini. Ban taɓa musa masa ba.

Na hau matakala na leƙa. Farar kumfa ta rufe ko'ina, taɓon ya koma ruwan toka yana yawo a sama kamar tsumma. A gefe ga durom ɗin hodar kulorin da ma'aikatan lafiya suka kawo mana saboda kwalara, a kife, ba ko ɗigo a ciki. Kusa da shi Iya Nachuma na zaune, ta miƙe ƙafa, hannayenta sun yi fari fat. Ba ta gudu ba, ba ta ma yi niyya ba.

Iya Nachuma ita ce mai sharar wurin tun kafin a ɗauke ni aiki. Ɗakinta na ƙarshen layi, kuma ɗakin na aikin ne, ranar da aiki ya tafi ɗaki ya tafi. Jikarta Pilirani, wadda ta raina tun tana goye, kwalara ta ɗauke ta farkon damina. A makon nan Iya ta dawo daga zaman makoki.

Na ce, “Iya, me kika yi?”

“Na kashe su,” in ji ta.

Ta ce masu lasifika sun zagaya layi suna faɗa, ƙwayoyi ne a cikin ƙazamin ruwa suke kashe yara, a zuba musu hoda. Ta ce kuma ni da bakina na sha gaya mata ƙwayoyi nake kiwo a tankin nan. Da bokiti ta yi ta jido hodar a ka tun safe, tana zubawa.

“Ina shara ina jin injinka yana hura musu iska, suna ta ƙiba. Ita kuwa tana ƙarƙashin ƙasa. Kai, da kai ne fa, Makwinja?”

Ni mutum ne mai baki, kowa ya sani a layi. Zagin ya riga ya hau harshena. Sai na sake duban hannayen nan, hoda ta cinye fatar har ta tsattsage a tsakanin yatsu. Na kama ta na kai ta famfo, na riƙe hannayen a ƙarƙashin ruwa, na daɗe. Daga nan na je na rufe hanyar rafi, na juya ruwan kwata zuwa tsohon tafkin ajiya da ke bayan shinge.

Washegari na gaya wa Manaja Chikopa yadda aka yi, ban ƙara ba ban rage ba. Yaro ne a kaina, amma ba mugu ba ne. Ya dafe kai. Ya ce in tafkin nan ya cika ya tumbatsa cikin rafi, inda mata ke wanki, magana ta fi ƙarfinsa. Manya za su zo daga babban ofis, za su nemi sunan wanda ya yi, kuma ba zai yi musu ƙarya ba. Aikin Iya da ɗakinta sun tafi ke nan. In kuwa tanki ya tashi kafin tafki ya cika, magana ta tsaya a cikin shingenmu. Ya tambaye ni ko zai tashi. Na ce da kansa sai ya yi makonni, ga ruwan sama kullum la'asar yana ƙara wa tafkin. Sai dai a je aro.

Haka muke yi a sana'armu. Wanda tankinsa ya mutu, zuwa yake wurin mai rai a ɗebo masa taɓo, kamar yadda ake zuba tsohon nono a madara ta yi barci. Ba a saye, ba a sayarwa. Amma ba a aike, kuma ba a zuwa hannu sake. Wanda garke ya mutu a hannunsa shi ke zuwa ya tsaya ya roƙa, a yi masa dariya, sannan a ba shi.

Na zubar da mataccen taɓon, na yi ta ɗauraye tankin har warin hodar ya fita. Sannan na je ƙofar Iya na ce ta shirya, da ita za mu je gari. Ta ce ba inda za ta, in kai sunanta wurin manya kawai a huta. Na ce ai ba ni na kashe ba, wanda ya kashe shi ke roƙo. Gaskiyar magana, ban so barinta ita kaɗai a ɗakin nan ba ne. Ta fito da nonon ayaba a ka, ta hau gaban tankar tsakanina da Saizi. Saizi ya ce yau tankarsa ta ɗauko amarya, in ya sani da ya wanke ta. Ta ce masa ya fara wanke kansa tukuna. Wannan ce maganarta ta farko mai ɗan gishiri tun rasuwar.

Wurin tace ruwa na gari ya ninka namu sau da yawa. Mai kula da shi Baba Namakhwa ne, tsoho mai sanƙo, shi ya koya wa rabinmu aikin. Yana hango tankar ya fara ihu wai ga makiyayin da ya yi barci kura ta shiga garke. Ya tambaya ko giya na sha na manta injin, ko kuwa sabuwar mata na yi.

Iya ta sauke ayabar a gabansa ta ce, “Ba shi ba ne, Baba. Ni ce. Hoda na zuba musu.”

Ya dube ni. Na ce masa jikarta ce kwalara ta ɗauka. Dariyar ta tsaya nan take. Ya cire hularsa ya yi mata gaisuwa yadda ya kamata, ya tambayi sunan yarinyar, da ajin da take. Sannan ya ce wa Saizi ya ja tankar ya fara ɗiba, ita kuma ta biyo shi.

Ya kai mu wani ɗan ɗaki inda suke da madubin nan mai ƙara girma. Ya ɗiga taɓo ɗigo ɗaya a kan gilashi, ya daidaita, ya ce ta rufe ido ɗaya ta leƙa. Ta leƙa ta ja baya da sauri. Ta sake leƙawa, wannan karon ta daɗe. Ni na san abin da take gani. Wasu kamar ƙananan ƙararrawa a kan tsinke, suna kaɗa gashin baki suna jawo abinci. Wasu na rarrafe a jikin taɓon kamar awaki a kan juji.

Ba ta ɗago ba ta ce, “Wanne ne a ciki ya kashe Pilirani?”

Baba Namakhwa ya ce babu shi a cikin waɗannan. Ya ce waɗannan masu shara ne irinta, ƙazantar da mutane suka zubar suke kwashewa, har da yawa daga cikin mugayen suna haɗiyewa. Hodar ma tana da wurinta, amma a can ƙofar fita, bayan waɗannan sun gama aikinsu, don ta tare wanda ya kuɓuce. Ruwan da ya kashe yarinyar, in ji shi, mai yiwuwa bai taɓa bi ta irin wannan tankin ba.

Ta zauna a kan benci ta ɗora hannayenta masu bandeji a cinya. Ta tambaya nawa ta kashe. Ya ce ba su ƙirguwa.

“Amma ba su da riƙo, Iya,” in ji shi. “Ki ba su iska da abinci, shi ke nan, sun manta.”

A hanyar dawowa ba ta yi magana ba, sai dai duk ramin da Saizi ya faɗa, ta ce ya tafi a hankali, ba duwatsu ya ɗauko ba.

Muka juye taɓon aro a tanki, na kunna iska. Sabon taɓo kamar maras lafiya ne da ya fara tashi, ba a ɗura masa tuwo. Na riƙa sakar musu ruwan kwata kaɗan-kaɗan, sauran duk yana tafiya tafki. Tafkin kuwa kullum hawa yake. Na kafa kara a bakinsa, kowace safiya ruwa ya ci wani wuri. Manaja ya daina tambayata, sai dai ya zo ya tsaya ya dubi karan ya koma.

Iya kan iso kafin ni. Gaisuwarta ta koma, sun ci kuwa? Wata safiya na kama ta tana juye musu ragowar kununta. Na ce mata abincin layi guda na jiransu, ba kunu suka rasa ba. Ta ce wanda ya yi doguwar tafiya da abu mai ɗumi ake fara masa. Na bar ta. Kunu kofi ɗaya ba ya kashe tanki.

Wata rana da azahar ina rumfar mai abinci, na kai loma ta biyu ta tuwon masara da ƙananan kifi, sai ga ta da gudu, zani a hannu. Ta ce injin ya yi shiru. Wuta aka ɗauke, ni ban ma lura ba, ita kuwa kunnenta na can. Muka ruga. Janareto ya ƙi tashi, batirinsa ya mutu. Na aika a nemo Saizi ya ciro na tankarsa, ya zo yana mita wai shi da kashi ba dangi ba ne. Kafin mu haɗa wayoyin, na waiga na ga Iya a kan matakala da doguwar gora, tana juya taɓon da iya ƙarfinta kamar mai tuƙa tuwon biki. Gora ba ta ba tanki iska, wannan kowa ya sani. Ban ce mata ta daina ba. Da injin ya tashi kumfa ta fara ɓulɓulowa, ta sauke gorar ta zauna tana haki, tana dariya, hawaye na zuba.

Ranar da ruwan tafki ya rage bai fi tafin hannu ya kai baki ba, hadari kuma ya haɗo ta bayan dutse, Manaja ya zo ya ce yau ko dai a buɗe hanyar rafi da ruwa mai kyau, ko ya buga waya sama. Na ɗebo taɓo a doguwar kwalbar awo na ajiye a kan bango. Haka ake gane mai rai. In yana da rai zai dunƙule ya sauka, in babu ya tsaya kamar kunu. Mu uku muka tsaya muna kallon kwalba. Da farko ba abin da ya motsa. Can sai ya fara tsinkewa, ƙananan dunƙule kamar audugar rimi suna haɗuwa suna nitsewa a hankali. Saman ya washe. Ba garau kamar na da ba, da ɗan hazo, amma na sa yatsana a bayan kwalbar, Manaja ya gan shi ta ciki.

Ya ɗaga kwalbar ya duba ta wajen haske, ya shinshina. Ya ce in juyo da ruwan layi cikin tanki, in sa hoda daidai awo a ƙofar fita, in buɗe hanyar rafi. Na je na murɗa kan bututun. Ruwan da ke zuba tafki ya tsaya.

Iya ta matso kusa da shi ta ce, “Ɗana, to ni fa?”

“Ke me, Iya? Gobe da safe ki fara ta ofishina, ganye ya cika ƙofar.”

Ta ce to. Ta juya ta nufi layi, sai na bi ta. Da ta buɗe ɗakin na ga komai a ɗaure. Tabarma a naɗe, tukwane a cikin buhu, kaya a ƙunshe cikin zani a bakin ƙofa. Ashe tun ranar Lahadin nan a kan siminti take kwana.

Na ce ai sai a kwance. Yatsunta ba su gama warkewa ba, ni na kwance ƙullin. Ta riƙa nuna mini wurin kowane abu ina ajiyewa. A ƙasan ƙunshin akwai 'yar rigar makaranta shuɗiya da aka goge aka ninke. Wannan ba ta bari na taɓa ba. Ta ɗauka da kanta ta rataye a ƙusar bayan ƙofa, ta gyara mata wuya. Ruwa ya fara sauka a kan kwano. Ta ce in zauna ya ɗauke tukuna, bari ta ɗora shayi.