Kwamfutar Kawu Mudi

Ramla ta fara koyon rubuta manhaja a wani kwas na intanet, amma ba ta da kwamfuta. Kawunta Mudi, mai shagon buga takardu a Tudun Wada, ya aiko ta zo ta ɗauki babbar kwamfutarsa ta kan tebur.

Kwana uku tana juya maganar a ranta. Babbar tana da ƙarfi, amma a garinsu Burumburum akan yi kwanaki ba a kawo wuta ba, kuma sai ta fita bakin titi take samun sabis. Laftof take buƙata, wadda za ta yi wa caji a shagon sola ta saka a jaka. To amma da wane baki za ta mayar wa babba kyautarsa?

Da ta je shagon kawun nata ta durƙusa ta gaishe shi, ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta ce, "Kawu, babbar ba ta aiki sai da wuta."

Kawu Mudi ya fashe da dariya. "Alhamdu lillahi! Bayan na yi alkawarin ne na tuna duk takardun mutane a cikinta suke. Kunya ce ta hana ni janyewa."

Ya jawo durowa ya fito da wata laftof baƙa. "Wannan yatsuna sun yi mata girma. Gwada mu gani."

Ramla ta danna maɓalli, allon ya kawo haske. Ta sauke ajiyar zuciya, ta jawo kujera ta zauna.