Ɗan Bisun na Suva

Gonarmu eka goma sha huɗu ce a Wailevu, bayan garin Labasa, rake tun daga bakin titi har gindin tsauni. Kakana ne ya saye ta, mahaifina Bisun Dayal ya gaje ta, ni kuwa na guje ta ina ɗan shekara ashirin da biyu. Na tafi Suva, babban birni, na kama aiki a kantin kayan gini, na yi aure, ina leƙo gida lokacin bikin Diwali in hali ya yi. Shekara goma sha tara a haka. Da kantin ya rufe, 'ya'yanmu biyu kuma suka tafi karatu Auckland wurin ƙanwar uwarsu, sai na ce wa matata Sarojni mu koma gida, tsoho ba shi da kowa tun rasuwar mahaifiyata.

Na san da zaman Apenisa, amma a matsayin ɗan ƙwadago na san shi. Shekara goma sha ɗaya kafin nan ya zo cikin ayarin masu yankan rake daga wani ƙauye na bakin teku. A shekarar ne gwiwoyin tsoho suka ƙi, sai ya zauna ya ƙarasa masa aikin. Daga nan bai tafi ba. Ya kafa ɗakin kwano a gindin mangwaron bayan gida, ya kawo matarsa Salanieta, ya iya yarenmu na Hindi fiye da 'ya'yan da na haifa.

Ranar da muka sauka shi ya fara isowa bakin mota, ƙato, baƙi, da faffaɗan murmushi. Ya saɓa akwatuna biyu a kafaɗa.

"Sannu da hanya, Bhaiya. Sannu Bhauji. Tun safe Pitaji ke leƙen titi."

A yarenmu Bhaiya yaya ke nan, Bhauji matar yaya, Pitaji kuwa baba. Ni kaɗai iyayena suka haifa. Tunda nake ban taɓa jin wani baki ya kira mahaifina Pitaji ba sai nawa. Kalmar ta tsaya mini kamar ƙayar kifi.

Tsoho ya yi murnar ganina, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya riƙe fuskata da hannu biyu ya ce na rame. Amma kafin mako ya zagayo na gane baƙo ne ni. In na ce a rage rake a gwada citta, sai ya ce, "Bari mu ji ta bakin Api," wato Apenisa. In na ce hadari ya haɗo, sai ya ce, "Api ya ce sai jibi." Jibin kuwa sai a yi ruwa. In an dafa kifi, kan kifin a rufe yake a kwano har Apenisa ya dawo daga gona. Da la'asar su zauna a baranda, Apenisa ya dama yangona, abin shan nan na garin saiwa, su tafa, su sha a ƙoƙon kwakwa ɗaya, suna dariyar wani sa da ya mutu tun ina Suva. In na zauna, su matsa mini, su ba ni ƙoƙo, hirar kuma ta koma tambayata farashin siminti.

Wata Lahadi na riga Apenisa ɗaukar reza na ce yau ni zan yi wa tsoho aski. Ban kai rabin haɓa ba na yanke shi. Ya dafe wurin da tawul yana dariya.

"Beta, ɗana, hannunka na rubuta rasit ne. Kira mini Api."

Na tsaya da kwanon kumfa a hannu ina kallon wani yana juya kan ubana dama da hagu, shi kuma ya lumshe ido kamar jinjiri.

A kantin Muniappa ma haka. Na je sayen kananzir, na ji wani direban motar rake yana tambaya ko ɗan Bisun ya wuce. Muniappa ya ce, "Wanne? Na gona ko na Suva?" Aka bushe da dariya. Da ya hango ni sai ya ƙara, "Ga na Suvan nan, ka gan shi da takalmin ofis."

Sarojni ce ta fara gane abin da ke cina. Tana murza ƙullin roti, gurasarmu, ta ce, "Kai da ba ka san raken da ya nuna ba, me za ka yi da eka goma sha huɗu? Ka bar mutumin nan ya yi nomansa."

"Gadona ne."

"To wa ya ce na maƙwabta ne? Kai dai ka faɗi abin da ke damunka."

Na shiga Labasa wurin lauya, ya rubuta mini takardar wakilci. Na ce wa tsoho ta banki ce da asibiti, don kada a riƙa wahalar da shi. Ya dangwala yatsa bai ko tambaya ba. Bayan wata guda lauyan ya aika wa Apenisa wasiƙa da sunan Bisun Dayal, cewa aikinsa ya ƙare, ya kwashe ɗakinsa ya tashi.

Ya same ni a bakin rijiya, wasiƙar a hannunsa, duk ta jiƙe da gumi.

"Bhaiya, wannan daga gare ka ne, ko daga Pitaji?"

"Sunan wa ka gani a kai?"

"Na gani. Amma ina tambaya."

"Shi ya ce. Kunyarka yake ji, shi ya sa bai faɗa maka da baki ba."

Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ce, "To. Kada a matsa masa." Ya ɗauki addarsa ya koma cikin rake.

Bai sake hawa barandarmu ba. Yana aikinsa, yana aiko Salanieta da rogo da ganye, amma in ya hango tsoho sai ya bi ta bayan garke. Tsoho ya tambaya, na ce aiki ne ya yi masa yawa. Makonni uku ni ke dama yangona, ni ke aski, ni ke matsa masa ƙafa. Ya ce yangonata ruwa-ruwa ce, amma yana sha. Wata rana har ya ba ni labarin yadda ya fara ganin mahaifiyata a wurin wani biki a Nasea, labarin da ban taɓa ji ba. Rabin labarin idonsa na kan hanyar gona. Duk da haka, tun dawowata ban ji daɗi irin na makonnin nan ba.

Salanieta ce ta ƙi yarda. Ta yi makaranta, kuma ba ta da sanyin mijinta. Ta ja shi zuwa kotun hayar gonaki, suka shigar da ƙara cewa shi ba ɗan ƙwadago ba ne, manomi ne da ke riƙe da gonar shekara da shekaru da sanin mai ita, don haka a tabbatar masa da haya. Sammaci ya zo ranar da na shiga gari. Ma'aikacin kotu ya karanta wa tsoho komai, har da wasiƙar lauyana.

Da na dawo na tarar da shi zaune, takardun a cinyarsa. Na jira faɗa. Kwana biyu bai yi mini magana ba. A na uku ya ce, "Ka sa Sarojni ta goge mini farar rigata. Zan je kotu."

Lauya ya ce ba sai ya je ba, tunda ni ne wakili. Tsoho ya ce sunansa aka kira.

Kotun a saman bene take, matakala ashirin da wani abu. Na kama shi ta hammata, muka hau uku, gwiwarsa ta lanƙwashe, muka kusa faɗuwa tare. Apenisa na tsaye a gefe da matarsa da lauyansu. Bai dubi kowa ba, ya zo ya durƙusa ya ba da baya. Tsoho ya rungumo wuyansa kamar abin da suka saba. Haka wanda ya kai mu ƙara ya goya wanda ake ƙara har cikin ɗakin shari'a, ni ina biye da sanda da jakar magani.

Alƙaliyar mace ce mai furfura, tabarau a kan hanci. Maganar duka a kan abu ɗaya ta tsaya: in lada ake biyan Apenisa, to ma'aikaci ne, ana iya sallamarsa, in kuwa shi ke riƙe da gonar yana noma ta, mai ita bai taɓa hana shi ba, doka na bayansa. Na ba da shaida na ce ɗan ƙwadago ne. Lauyansu ya tambaye ni irin raken da ke gonar, da ranar da aka yi shukar bara. Ban sani ba. Ya tambaye ni sau nawa na kwana a Wailevu cikin shekara goma. Na ƙirga a zuci, na ce ban tuna ba.

Aka zo kan tsoho, aka ba shi kujera da tafinta. Lauyana ya miƙe.

"Baba, nawa kake biyan wannan mutumin a mako?"

"Kai nawa ubanka ke biyanka?"

Ɗakin ya ɗauki dariya, alƙaliya ta ƙwanƙwasa tebur. Ta ce ya amsa abin da aka tambaye shi.

"Ban taɓa biyansa ba, ranki ya daɗe. Shi ke huɗa, shi ke shuka, shi ke yanka, shi ke kai wa injin sukari. In kuɗi ya fito ya kawo mini rabona."

"Ka taɓa ce masa ya tashi?"

"In ya tashi, wa zai tashe ni daga kujera?"

Ta ɗaga wasiƙar. "Wannan fa?"

"Ban iya karatu ba. Na sa yatsa a wata takarda, an ce ta asibiti ce. Wannan ba bakina ba ne."

"To bakin wa ne?"

Sai a lokacin ya juyo ya dube ni. "Na ɗana ne, Hirdesh. Ya daɗe a birni, bai san kan gona ba. Ba mugu ba ne. Ina roƙo kada a yi masa komai."

Da zagina ya yi a gaban mutane, da ya fi mini sauƙi. Roƙa mini afuwa ya yi yadda ake roƙa wa baƙon da ya fasa tulu. Na waiga na ga Apenisa ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Kukan farin ciki yake, don ya ji ba tsoho ne ya kore shi ba.

Bayan mako biyar aka yanke hukunci. Kotu ta tabbatar da Apenisa a matsayin mai haya a kan eka goma sha ɗaya, na tsawon shekara talatin, za a ƙiyasta abin da zai riƙa biya. Gida da rijiya da eka uku suka rage a hannun tsoho. Lauyana ya ce mu ɗaukaka ƙara, amma kafin nan tsoho ya sa an soke takardar wakilcin. Apenisa bai taɓa tayar mini da maganar bakin rijiya ba. Ya ci gaba da ce mini Bhaiya. Da na ce zan shuka gauta da wake a eka ukun, na tashi da safe na tarar ya riga ya yi mini huɗa. Ban gode masa ba. Ya koma baranda, kan kifi ya koma jiransa.

Tsoho ya ƙara shekara biyu. A tsakiyar yankan rake numfashinsa ya sarƙe, na kai shi asibiti a Labasa. Apenisa ya kwana biyu tare da mu, a na uku tsoho da kansa ya kore shi, ya ce raken da aka yanka ba ya jiran kowa. Da hantsi likita ya ja ni gefe ya ce in akwai wanda ya kamata a kira, a kira shi yanzu.

Waya na aljihuna. Daga gona zuwa asibiti bai fi minti ashirin da biyar ba. Na koma na zauna, na riƙe hannun mahaifina.

Ya buɗe ido ya ce, "Api ya zo?"

"Yana hanya, Pitaji."

Ya gyaɗa kai. Na ba shi ruwa a cokali, na goge masa baki. Bayan kamar awa guda ya sake tambaya, na sake ba shi amsar. Ya ce in ɗan ɗaga masa filo don ya riƙa ganin ƙofa, na ɗaga. Wajen ƙarfe biyu ya cika, hannunsa a cikin nawa, ba kowa a ɗakin sai ni. Sannan na fito na buga waya.

Ni na kunna wutar ƙona gawa, kamar yadda ya wajaba a kan ɗa a addininmu. Dangin Apenisa suka zo daga ƙauyensu cike da mota, da tabarmi da gwaza, suka zauna tare da mu har kwana goma sha uku. Bayan an watse ya same ni ina kwance rumfa, ya kama mini ɗaya gefen kwanon. Muka sauke, muka jingine. Ya tsaya yana goge hannu a wando.

"Bhaiya, bai ce komai ba a ƙarshe?"

Na ce, "Barci kawai ya yi."

Ya ce, "To, madalla. Bai wahala ba ke nan."

Shekara huɗu ke nan yanzu. Sarojni ma ban gaya mata ba.